Ki koma makarantar, 'yar'uwa

Wa alaikumus salam. Kin ce shekara 15 da aure ko ɓari ba ki taɓa yi ba, kina tambaya ko komawa karatu a shekara 40 ya yi latti. Bai yi ba wallahi. Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, amma hadisai 2,210 aka ruwaito daga gare ta, manyan sahabbai na zuwa neman fatawa wajenta.

Ni ma na sha gorin dangin miji. Na sake zana NECO, yanzu ina NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, daga ɗakina nake karatu. Ba zan ɓoye miki ba, ranar sunan wata har yau zuciyata na sosuwa. Ki leƙa cibiyar NOUN mafi kusa da ke, ki tafi da takardunki.