Tambayi Likita: An ce Baba ya dakatar da warfarin kafin gwajin hanta

Tambaya: Likita, sannu da aiki. Mahaifina yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, tun da jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa wata 8 da suka wuce. Yanzu za a ciro ɗan naman hantarsa da allura ana kallo ta sikanin, kuma an ce ya bar maganin. Jinin ba zai sake daskarewa ba?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Umarnin daidai ne. Hanta cike take da jini, kuma idan allura ta huda ta, babu inda za a sa hannu a danne. Jinin da bai daskarewa da wuri zai yi ta zuba cikin ciki ba a gani.

Warfarin ba ya barin jiki a kwana ɗaya, shi ya sa ake tsayar da shi kwana 5 kafin aikin. Ana gobe ko da safen ranar, sai a auna INR, gwajin da ke nuna jinkirin daskarewar jini. Ana so ya sauko kusan 1.5, ƙwayoyin filatilet, masu taimaka wa jini ya daskare, kuma su haura 50,000. Idan INR bai sauko ba, a ɗage aikin ko a ba shi bitamin K, mai karya ƙarfin warfarin.

Tsoronki yana kan hanya, amma haɗarin sake daskarewa ya fi yawa a wata 3 na farko, Baba kuwa ya wuce nan. Wanda ke cikin wannan lokacin, ko mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya, shi ake cike wa giɓin da allurar Clexane, wadda ita ma ke hana jini daskarewa, a yi ta ƙarshe awa 24 kafin aikin. Likitan da ya rubuta warfarin ɗin ne zai yanke wannan, ba a gida ba.

Wani abin da kan ɓata aiki shi ne maganin da ba a faɗa ba: asfirin, ibuprofen ko diclofenac na kemis, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Ki zuba su duka a leda ki kai wa likita.

Bayan an gama, zai kwanta ta gefen dama wajen awa 2, ana auna bugun jininsa. A gida, in ya ji jiri, zuciya na bugawa da sauri, gumi mai sanyi, ko ciwon ciki da na kafaɗar dama yana ƙaruwa, ku koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ku baro asibiti sai an rubuta muku ranar da zai koma shan warfarin.