Zan Je Japan a Watan Agusta: Yaya Zafinsu Yake, Me Kuma Zan Kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, an zaɓe ni cikin waɗanda za su je kwas na mako uku a Japan, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Tokyo za mu sauka, daga baya mu wuce Osaka. Wani abokin aikina ya ce in shirya wa zafi, ni kuwa na ce wanda ya sha bazarar Kano wane zafi za a ba shi labari? Abin da ya fi damuna al'adunsu ne, don na ji an ce mutane ne masu ƙa'ida, ba na so in je in yi abin kunya. Sannan yaya zan yi da sallah da abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ina taya ka murna, Allah ya sa a je a sa'a. Amma bari in fara da abin da ka ce bai dame ka ba, domin shi ya fi damuna. Abokin aikinka ya gaya maka gaskiya.

Zafin da ka sani a Kano busasshe ne. Ka yi gumi, iska ta busar da shi, ka shiga inuwar darbejiya ka ji dama-dama. Na Japan jiƙaƙƙe ne. Daminarsu, wadda suke kira tsuyu, takan fara a Tokyo farkon Yuni ta ɗauke wajen 20 ga Yuli, wato za ka sauka daidai lokacin da ruwa ya tsaya, rana ta buɗe a kan ƙasar da ta sha ruwa ta ƙoshi. Ma'auni zai nuna maka digiri 33 ko 35, ka ce ai wannan wasa ne, mu da muke ganin 42 a Afrilu. To, laimar da ke cikin iska takan haura kashi 70 cikin 100, gumin ba ya bushewa, jiki kuma da bushewar gumi yake hucewa. Inuwa ba ta raba ka da shi, dare ma haka. Har suna suka ba daren da ma'auni bai sauko ƙasa da 25 ba, nettaiya, ranar da ta kai 35 kuma moshobi. A Yulin 2018 garin Kumagaya, arewa da Tokyo, ya kai 41.1, a Agustan 2025 kuma Isesaki ya kai 41.8. Osaka da Kyoto ba su fi Tokyo sauƙi ba, Kyoto ma da yake duwatsu sun kewaye ta, kamar an kife tukunya a kanta take.

Ga abu na biyu da mutanenmu ba sa sawa a lissafi: tafiyar ƙasa. A gida ƙarfe 2 na rana kana ofis ko cikin mota ko kan adaidaita. A can kuwa daga masauki zuwa tasha ƙafa ce, cikin tashar ma ƙafa ce, hawa da sauka, daga tasha zuwa wurin kwas ƙafa ce. Na taɓa raka wani baƙo daga Arewa yawon buɗe ido a unguwar Asakusa, ya ci ado da shadda mai sitati da hula. Kafin azahar rigar ta manne masa a baya, na ga ya yi shiru, ya fara dafa kai, ya ce jiri yake ji. Da kyar muka shiga wani kanti mai sanyi, na sayo ruwa mai ƙanƙara ya kara a wuya da hamata, ya yi ta kurɓar ruwan gishiri da sukari har ya dawo hayyacinsa. Mutum ne da ya yi noma a ƙuruciyarsa, ba rago ba. Wannan ciwo su suna ce masa necchusho, kowace bazara yana kai dubban mutane asibiti, yana kuma kisa. In ka ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko jijiyoyi suna ɗaurewa, tsaya nan take ka nemi sanyi. In wani ya fara surutai ko ya kasa shan ruwa da kansa, a kira 119, lambar motar asibiti ke nan. Ta 'yan sanda 110 ce.

Saboda haka ka ajiye shadda don ranar bikin rufe kwas. Sauran kwanaki yadi mara nauyi, na auduga ko boyel, da singileti masu yawa don canji. Tun 2005 ofisoshinsu suka saba da zuwa aiki ba kwat ba nektai a lokacin zafi, ba wanda zai ga ka gaza. Kada ka jira ƙishirwa. Injinan sayar da abin sha suna kusan kowace kusurwa, ga ƙananan kantunan da ba sa rufewa, 7-Eleven da Lawson da FamilyMart. Nemi mugicha, shayin sha'ir mai sanyi wanda ba ya hana barci, ko Pocari Sweat mai mayar da gishirin da gumi ya fitar. Ka sayi lema. A can maza ma suna riƙe lemar rana, kuma ita za ta tare maka ruwan da yakan ɓarke da yamma ba sallama. Sai ƙaramin tawul a aljihu, wanda zan sake dawowa kansa.

Agusta da Satumba lokacin guguwar teku ne, taifu. Idan babba ta nufo, kamfanonin jiragen ƙasa sukan sanar tun kwana ɗaya ko biyu cewa za su dakatar da zirga-zirga, har da Shinkansen, jirginsu mai gudun gaske, da zai kai ku Osaka cikin kimanin awa biyu da rabi. In an ce a zauna a ɗaki, a zauna. Kuma tafiyarku ta faɗa cikin Obon, 13 zuwa 16 ga Agusta, lokacin da suke komawa garuruwansu ziyarar kaburburan iyaye da kakanni. Ka tuna tashar mota ana jajibirin sallah, haka jiragen suke cika. In kai za ka yanki tikitinka, yanka da wuri.

Yanzu al'adu. Kada ka tsorata da yawan ƙa'idojin, kusan dukkansu daga tushe ɗaya suke. Akwai kalmar da ake cusa wa yaro tun yana ƙarami, meiwaku, wato takura wa wani. Bajapane zai jure wahala da kada ya zama shi ne ya dami mutane. Bahaushen da aka rena da kara da kunya ba baƙo ba ne a wannan, wuraren da ake nuna ta ne kawai suka bambanta.

Cikin jirgin ƙasa ba a amsa waya, ba a ɗaga murya. Wannan shi ya fi ba mu wahala, musamman in mun haɗu mu huɗu biyar hira ta yi daɗi. In maiɗakinka ta kira, bari ka sauka tukuna. Jakar goyo a juyo da ita gaba in an cika. Layi ake bi, a bar masu fita su fita. A matakala mai tafiya da kanta mutanen Tokyo hagu suke tsayawa, na Osaka dama, kai dai dubi na gabanka. Wasu taragun na mata ne zalla a lokutan cunkoso, akwai alama a ƙasa da jikin ƙofa. Kwandon shara ba shi da yawa a titi, kowa da 'yar ledarsa yake tafiya har ya koma masauki.

Sai turare, kuma wannan da gaske nake. Mu ƙamshi mutunci ne, a can ƙamshi mai ƙarfi a cikin tarago ko gidan abinci takurawa ce. Ba mai ce maka uffan, sai dai ka ga na kusa da kai ya matsa. Ɗan ɗigo kaɗan ya isa. Abin da suke yi da gumi shi ne gogewa. Shi ya sa za ka ga kowa da tawul ko hankici, ga kuma banɗakuna da yawa ba su da abin goge hannu. Tawul mai laima da za a miƙo maka a gidan abinci, oshibori, na hannu ne, ba a goge wuya da shi.

Cire takalmi mun saba, amma nasu yana da matakai. A bakin ƙofa akwai wuri mai ɗan gangare, genkan, nan ake cirewa, a taka sama ba tare da safa ta taɓa ƙasan ba, a juya takalmin ya fuskanci waje. Za a ba ka silifas na cikin gida. In za ka hau tatami, tabarmarsu da ake shimfiɗe ɗaki da ita, silifas ɗin ma cire shi. Banɗaki yana da nasa silifas dabam, kada ka manta ka fito da shi falo. Da yake lokacin zafi ne za ka so sa takalmi buɗaɗɗe, to ka riƙa saka safa mai tsabta a jaka, domin hawa tatamin mutane da ƙafa mai gumi ba ladabi ba ne.

Gaisuwarsu rusunawa ce, ba musabaha ba. A matsayinka na baƙo ɗan sunkuyar da kai ya wadatar, ba wanda zai ce sai ka duƙa. Wannan ma sauƙi ne gare ka wajen gaisawa da mata. In an ba ka katin suna, karɓa da hannu biyu, ka karanta, ka ajiye shi gabanka a tebur, kada ka cusa a aljihun baya. In an ce ƙarfe 9, to ka iso saura minti goma. Kuma ka kasa kunne: ba safai suke cewa a'a ƙiri-ƙiri ba. In ka roƙi abu aka ja iska ta haƙora aka ce "chotto" ko "muzukashii", wato da ɗan wuya, an riga an ba ka amsa, kamar yadda mu muke cewa "sai mun gani". Kada ka matsa. Kalma ɗaya za ta fisshe ka a wurare da yawa, sumimasen, tana nufin gafara dai, tana nufin yi haƙuri, da ita kuma ake kiran ma'aikacin gidan abinci. Ba a ba da tukwici, in ka bar canji a tebur za a biyo ka da shi. Kuɗi a ɗan faranti ake sawa a gaban mai kanti. Tsinkayen cin abinci kuwa, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, duka biyun a al'adun jana'izarsu ake yi.

Suna son tsaraba sosai, omiyage suke ce mata. 'Yar jakar fata ko abin hannu na Kano, a naɗe da kyau, zai faranta wa malamanka rai. Amma don Allah kada ka sa kilishi ko dambun nama a kaya. Dokarsu ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi ba tare da takardar hukuma ba, akwai karnuka masu sansana kaya a filin jirgi, tarar kuma tana iya kai yen miliyan 3 na kuɗinsu ko ɗaurin shekara 3. Goro da sauran kayan tsiro ka nuna su ga jami'an duba tsirrai da kanka. Fasfo ɗinka kuma ya kasance tare da kai kullum, doka ce ga baƙo.

Batun sallah, abu na farko da zai ba ka mamaki alƙibla ce. Mu mun saba cewa "fuskantar gabas", a Japan kuwa yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa. Sa manhajar alƙibla a waya. Suna gaban Najeriya da awa 8, alfijir a wannan lokaci yana ketowa wajen ƙarfe 3 da 'yan mintoci, rana ta fito wajen 5, sai ka saita ƙararrawa. Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai suna da ɗakunan sallah. Juma'a a Tokyo ka je Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara, masallacin da Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000. Daga Osaka kuma Kobe ba ta wuce rabin awa a jirgi, can akwai masallacin da aka gina tun 1935, yana nan ana sallah a ciki. Ka gaya wa masu shirya kwas tun ranar farko cewa kana buƙatar minti goma da wani lungu, yawanci suna mutunta abin da aka sanar da su da wuri. Tsarki ba matsala, banɗakunansu da yawa suna da maɓallin fesa ruwa. Alwala ce ke son dabara, domin ɗaga ƙafa a sa a wurin wanke hannu na jama'a, a bar ƙasa a jiƙe, abu ne da ke ɓata musu rai. Ka yi alwala daga masauki, in kuma ta kama a waje, gorar ruwa da tawul ɗinka su taimaka, ka goge wurin kafin ka fita. Kuma kada ka ce a ba ka buta, a harshensu buta alade ne.

Wannan ya kawo mu abinci. Naman alade ba a fili kaɗai yake ba, romon taliyar ramen sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa, kitsensa yana shiga wasu burodi da kayan ƙwalama. Giyar shinkafa, sake, da mai zaƙin nan mirin suna cikin miya da yawa ko da kifi ne a kwanon. Ka sa a rubuta maka da Japananci a kati cewa ba ka cin alade da abin da aka sa giya, ka riƙa nunawa. A unguwar Shin-Okubo ta Tokyo akwai shagunan halal, ga gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya da Turkiyya a manyan birane, sai ka tambaya ko namansu halal ne. In aka gayyace ku onsen, wankan ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, ka sani tsirara ake shiga, maza dabam mata dabam. Kana iya ba da haƙuri, ko ka nemi kashikiri, wanda ake kama wa mutum shi kaɗai.

Kada zafi ya kulle ka a ɗaki da yamma. Bazara lokacin bukukuwansu ne. In kun iso kafin Asabar ɗin ƙarshen Yuli, ranar ake wasan wuta a kogin Sumida a Tokyo, za ka ga yara da manya cikin yukata, rigar auduga ta zafi, kowa da maficinsa. Daren 16 ga Agusta kuma, in kuna Osaka, Kyoto na nan kusa, ana kunna manyan wutace a kan duwatsu biyar da ƙarfe 8 na dare don rufe Obon. Je da wuri ka sami wuri a bakin kogin Kamo, da gorar ruwanka da ledar shararka.