Keken lantarki da hawan tudu: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Mpape, aikina kuma a Wuse. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke lashe mini albashi. Wani dillali ya nuna mini keken lantarki, ya ce injinsa wat 500 ne, yana gudun kilomita 40 a awa, caji ɗaya kuma ya kai ni kilomita 70. Nauyina kilo 90. Zai hau Mpape da ni? — Wani ma'aikaci, Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk abin da dillalin nan ya lissafa maka labarin shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. Kai kuwa da safe gangara za ka yi, da yamma, ga gajiya, ka fuskanci hawa. Abin da za ka tambaye shi daban ne: a ina injin yake, kuma nawa ne ƙarfin murɗawarsa? Ana rubuta wannan da Nm a takardar keken.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin cibiyar tayar baya, shi ya fi yawa a kasuwa don ya fi araha. Matsalarsa, ba ruwansa da giyar keken. Da hawa ya yi tsanani taya ta rage juyi, sai ya riƙa zuƙar wuta yana mayar da ita zafi, har ya kai ga yankewa a tsakiyar tudu. Akwai kuma injin tsakiya, wanda ke wurin feda. Shi kaca yake ja, saboda haka in ka sauko ƙaramar giya, inji na ci gaba da juyi cikin sauƙi ko da keken na tafiya a hankali. Irin na Bosch, Shimano da Bafang ke nan, kuma masu ƙarfinsu kan kai Nm 80 ko fiye. Ga mai nauyinka a Mpape, shi nake ba ka shawara. Sai dai ka sani yana cin kaca da haƙoran giya, za ka riƙa ziyartar bakanike. In aljihu bai kai ba, nemi injin taya da bai gaza Nm 60 ba, ka kuma shirya taka feda da gaske.

Batun kilomita 70 kuwa, ka yi lissafi da kanka. Ninka volt (V) da amfiya-awa (Ah) da ke rubuce a jikin batir: misali, 48 sau 13 ya ba ka wat-awa 624, wato yawan wutar da batirin ke ɗauka. A miƙaƙƙiyar hanya, kana taimaka masa da feda, kilomita ɗaya kan ci tsakanin wat-awa 10 zuwa 15. Amma kai da keken kun kusa kilo 120, kuma ɗaga wannan nauyi tsayin mita 100 sama zai ci wat-awa 40 ko fiye, kwatankwacin tafiyar kilomita 3 zuwa 4 a fili. Don haka ka raba alkawarin dillali biyu, ka ga ko abin da ya rage zai kai ka ya dawo da kai.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne birki. Kilo 120 a gangara, ga tifofin dutse da ke bin hanyar nan, birkin roba mai matse bakin taya ba zai wadatar ba. Nemi birkin faifai mai aiki da mai, gaba da baya, ka sayi hular kwano tun ranar farko. Kada kuma ka biya sai ka hau tudun unguwarku da shi. Gani ya kori ji. Dillalin da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa. Sannan ka zaɓi mai feda, mai siffar keke sosai, domin tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja, kuma mai kamar babur zai iya jawo maka tsayarwa da dogon bayani a titi.

Tambaya: Ni malamar asibiti ce a Jos. Na samu kekuna biyu, ɗaya batirinsa na darma ne kamar na mota, ɗaya na litiyam, kuɗinsa ya fi sosai. Ga wutar unguwarmu ba tabbas. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, araha ba ta ado. Batirin darma kan ninka na litiyam nauyi sau uku ko fiye, kuma ke ce za ki riƙa jan wannan nauyi a tudun Jos kullum. Ya fi saurin mutuwa, musamman in ana barin sa ya ƙare ƙarƙaf. Ɗauki na litiyam, wanda ake cirewa a shiga da shi ɗaki, yadda za ki iya caji a wurin aiki in an ba ki izini. Caja mai amfiya 2 kan ɗauki awa 6 zuwa 7 kafin ta cika batir mai amfiya-awa 13, kuma wutar da za ta ci ba ta kai yunit ɗaya na mita ba. Ƙaramar sola mai inbata ma za ta iya.

Ki kiyaye abu biyu. Kada ki jona shi yana da zafi daga dawowa, ki bari ya huce. Kada kuma ki yi amfani da cajar da ba tasa ba, ko ki bar shi a jone ki kwanta barci, don gobarar litiyam tana da wuyar kashewa. Tambayi mai shagon nawa ne sabon batir, kuma ko yana da shi a ƙasa, tunda bayan 'yan shekaru sai kin canza.

Tambaya: An ce in ana gangara batir na caja kansa. Gaskiya ne?

Amsa: A wasu kekuna ƙalilan ne, masu babban injin taya marar giya a ciki. Injin tsakiya ba ya yi. Ko a masu yi ɗin, abin da ke komawa da wuya ya wuce kashi 10 cikin 100 na wutar da aka kashe. Amfaninsa na zahiri shi ne yana rage cin takalmin birki a doguwar gangara.