Amsa ga ƙanena na Samaru mai son karatun bakteriya a Jamus

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a ABU, kana son zuwa nan ka koyi yadda ake sauya wa bakteriya ƙwayoyin gado don ta riƙa mayar da sukarin tsirrai sinadaran masana'antu, kana tambaya ko harkar tana da ci.

Tana da ci, kuma ta daɗe. Farin magin da Hajiya ke barbaɗawa a miya, wata bakteriya da Japanawa suka gano a 1956 ce ke haɗa shi daga sukarin rake ko rogo. A 2006 kuma kamfanonin DuPont da Tate & Lyle suka buɗe masana'anta a jihar Tenesi ta Amurka, inda bakteriyar E. coli da aka yi wa gyara ke cin sukarin masara tana fitar da sinadarin da ake zaren kafet da shi.

Sai dai gyaran ƙwayoyin gadon da kake ɗoki, shi ne mai sauƙin yanzu. Wuyar tana cikin tanki. Ƙwayar da ta yi maka ladabi a 'yar kwalba, da ka kai ta babban tanki sai ta fara gardama: iska ba ta ratsa ko'ina, zafi ya hau, tsami ya kashe ta. Shekarata ta farko, kwana uku na yi ina gadin tanki mai lita goma, ko barcin kirki ban yi ba. Rana ta huɗu na leƙa madubin ƙara girma, ashe wata baƙuwar ƙwaya ce ta shiga ta lashe sukarin tas. Bututu ɗaya ne ban dafa da kyau ba don kashe ƙwayoyin da ke cikinsa. Bayan nan ga tace sinadarin daga ruwan, mai cin kuɗi kamar me, alhali da farashin sinadaran da ake yi daga man fetur kake kokawa a kasuwa.

Don haka kafin maganar biza, leƙa NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa, ko sashen injiniyancin sinadarai na ABU, ka roƙi a bar ka ka sa hannu. Samo ruwan raken Maƙarfi, ka ruɓar da shi, ka auna, ka rubuta sakamakon. Farfesoshin nan sun fi duba irin wannan a kan doguwar wasiƙa.

Kada ka bari Baba ya sayar da gona saboda tafiyar. Nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, tukuna. Turo min takardunka in duba, ka gaida Hajiya.