Fedar birki na karkarwa, in cire ABS?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Idan na taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, sai fedar ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, in ji wani gurnani. Bakanikena ya ce ABS ce ta lalace, a zare fiyus ɗinta a huta. Hankalina ya tashi, don da iyali nake shiga motar.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, karkarwar nan ita ce aikin ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki. Kowace taya na da sensa mai auna saurin juyawarta. Da kwamfutar motar ta ga wata taya na shirin ƙamewa, sai ta sassauta matsin man birki a kanta, ta sake matsewa, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Tayar da ta ƙame ba ta bin sitiyari. Ko ina ka karkata shi, gaba motar za ta miƙe.

Shawarar bakaniken ce ke ƙona min rai, kusan kullum sai na ji irinta. Wani ya zare fiyus, wani ya cire ƙwan fitilar gargaɗi, wani ma ya liƙa salatif a kanta, wai birki ya fi ci babu ABS. Na'urar da Bosch ya sa a motocin Mercedes tun 1978 ita ce yau mutum bai ko jona kwamfutar gwaji ba zai yanke wa hukunci! Bai san cewa a yawancin motocin zamani ita ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ba. Ka kashe ta, tayoyin baya na iya riga ƙamewa, bayan motar ya wulwulo. Na'urar hana santsi ma ta tafi, don ita ma da sensar ABS ɗin take aiki. Ita ce idan ka taka totur a laka, taya ɗaya ta riƙa juyawa a banza, take kama mata birki ko ta rage ƙarfin inji.

Gaskiya ne a yashi ko tsakuwa ABS na iya ƙara nisan tsayawa, amma sitiyarin na hannunka.

Idan ta kama karkarwa, kada ka ɗaga ƙafa, kada ka yi ta famfo. Danne fedar, ka kauce wa abin da ke gabanka. Idan fitilar ABS ta ƙi mutuwa bayan ka tayar da mota, to akwai matsala, kuma sau da yawa datti ne a sensa ko waya ta tsinke.