Tambayi Baba Mai Wayarin: Motar Gado Ta Ƙi Tashi da Safe

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, ya bar mana wata MGB ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen kai, wadda ya saya a hannun wani Bature ma'aikacin kuza. Sitiyarinta ma a dama yake. 'Yan'uwana suka ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni na ce a sa mini ita a kasona. Tun shigowar hunturu, in na murɗa makulli da safe sai in ji "ƙas" kawai, fitilun dashbod su dushe. Na sa sabon batir, bai canza zani ba. In na sa sigina, fitilar birki ma sai ta riƙa ƙiftawa. Rannan da na matsa mata, na taɓa wayar cok na ji ta da zafi. Wani mai gyara ya ce sai an zare wayarin ɗin duka an sa na motar Japan. In yarda?
— Mai karatu daga Bukuru

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ji ƙan mahaifinka. Kada ka yarda, aƙalla ba yanzu ba. Wanda ya ce a zare wayarin bai ɗora mita a kan motar ba, kuma ranar da ya yanke wayoyin nan ya jona nasa masu launi ɗaya, babu mai iya karanta motar kuma, har shi kansa.

Zafin wayar cok ɗin nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne ya tona asirin ciwon. Wutar mota tafiya take ta dawo. Tana fita daga batir ta babbar waya zuwa kik, ta dawo ta jikin inji da bodi. Amma injin a kan roba yake zaune, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta, shi ya sa aka haɗa shi da bodi da wata faffaɗar saƙaƙƙiyar waya, wadda muke kira wayar at. In ta tsinke ko tsatsa ta ci bakinta, wutar kik, wadda ta haura amfiya 100, sai ta nemi wata hanya, ta bi ta siririyar wayar cok ko ta totur. Shi ne zafin da ka ji. Da ka ci gaba da murɗawa, da ka ga hayaƙi.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Ɗauki igiyar jona batir guda ɗaya, ka maƙala baki ɗaya a jikin inji inda ƙarfe yake tas, ɗayan a kan wata ƙusa mara fenti a bodi. Murɗa makulli. In kik ya juya da ƙarfi, ka kama ɓarawonka. Nemi wayar at a wajen mazaunin inji ko na giyabos, ka kwance, ka goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tamau. In ta zagwanye, sabuwa ba ta gagara a kasuwar Dilimi ta Jos, ko ta wace mota ce in dai kaurinta ya kai.

In bai juya ba, koma bayan kujeru. Wannan mota daga Abingdon ta Ingila ta fito da batir biyu masu bolt 6 kowanne, a cikin rami ƙarƙashin wani murfi, sai wajen 1974 aka koma guda ɗaya mai 12. Ramin a buɗe yake ta ƙasa, don haka ruwan damina da jar ƙasar hanya duk can suke tarewa, kuma da yake wurin ba ya ganuwa, ba mai leƙawa. Tunda ka ce ka sa sabon batir, ina tsammanin an riga an mayar da ita mai guda ɗaya. Duba kan batir ɗin. Farin garin nan mai kore-kore da ke taruwa, wanke shi da ruwan zafi da bekin soda, ka kankare cikin maƙalin, ka ɗaure, sannan ka shafa basilin a sama. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a bodi, nan ma ka goge. Kafin ka taɓa komai, cire zobe da agogo, kuma wayar at ta batir, wato baƙar nan, ake fara kwancewa, ita ake mayarwa a ƙarshe.

Ka sayi mita, ko ta talaka ce. Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba zai nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Sa wani ya murɗa makulli kana kallo: kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai. In inji ya tashi ka ɗan ba shi wuta, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji, amma kafin ka zarge ta, taɓa fambel ka ji ko ya saki, sannan ka lura da jar fitilar caji a dashbod. Dole ta kama in ka buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. Ta wannan ɗan ƙwan fitilar altaneta take samun wutar da za ta fara aiki da ita, kuma na sha ganin an sayi altaneta sabuwa fil alhali ƙwan ne ya ƙone. Sanyin Jos na Disamba da Janairu kuwa ba shi ya kawo ciwon ba. Yana rage wa batir ƙarfi, yana sa baƙin mai ya yi kauri, sai abin da ya daɗe yana lallaɓawa ya fito fili.

Fitilar birki mai bin sigina ita ma at ce, amma ta gidan fitilar baya. Kwance gidan, goge inda ya taɓa bodi da bakin baƙar waya, magana ta ƙare.

Yanzu ga dalilin da na ce kada a zare wayarin. Kamfanin Lucas ya yi shi, kuma duk tsiyar da ake yi masa, launukansa a tsare suke. Waya mai launin ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, ba fis, ko makulli na aljihunka tana da rai, don haka ka kiyaye ta. Shunayya kullum da wuta amma ta bi ta fis. Fara tana samun wuta in an buɗe makulli, kore ma haka amma bayan fis. Ja ta ƙananan fitilu ce, shuɗiya ta manyan fitilu, baƙa at. Wanda ya haddace wannan zai bi motar daga hanci zuwa wutsiya ba tare da takarda ba. Abin da ke lalacewa ba wayar ba ce, mahaɗan nan ne masu kama da harsashi da ke cikin baƙar roba. Zare su ɗaya bayan ɗaya, goge, mayar. Ɗaya bayan ɗaya na ce, kada ka zare biyar ka tsaya kana tunani.

Sai fis. Akwatin naka guda huɗu ne a ciki, na gilashi. Za ka ga an rubuta 35, amma lissafin Ingila na da ne, wato inda fis ɗin ke ƙonewa. Abin da yake ɗauka yau da kullum amfiya 17 ne. In ka je kasuwa ka ce a ba ka mai 35 na zamani, wayar ce za ta ƙone fis yana nan lafiya. Nemi mai 15 ko 20. Takardar kwalin sigari da ake naɗawa kuwa, in ka tarar da ita a ciki, cire ta yau.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Maigidana yana da Mazda MX-5 ta 1990, ba ya hawa sai ƙarshen mako. Duk Asabar sai mun tara yaran unguwa sun tura. Batir ɗin bai shekara ba.
— Wata uwargida daga Rayfield

Amsa: 'Yata, a huta da wahalar da yaran mutane. Wani abu ne ke shan wuta motar tana ajiye. Batir ɗin wannan mota a but yake. A caja shi ya cika, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire wayar at ta batir, a sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin wayar da kan batir. Kada a murɗa makulli a haka, mitar za ta ƙone. In ta nuna sama da 0.05, a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Layin da ta faɗi a kansa, nan ɓarnar take. Yawanci abin da aka ƙara daga baya ne, rediyo ko ƙararrawar ɓarayi da aka jona kai tsaye. In an gama fis duka ba ta faɗi ba, a cire wayoyin altaneta a sake dubawa, don in diyod ɗinta, abin da ke hana wuta komawa baya, ya mutu tana mayar da wuta baya cikin dare. Kafin a gano, ki ce wa maigidan ya riƙa cire wayar at ran Lahadi da yamma, sufana mai lamba 10 ta isa.