Hutun ƙarshen mako a gidan dangin miji

'Yar'uwa, kin ce za ki yi hutun ƙarshen mako a babban gidan su mijinki, kuma gabanki na faɗuwa don ba ki san al'adunsu ba. Ni ma na sha wannan.

Kafin ku kama hanya, ki titsiye maigida ya faɗa miki yadda suke yi duk shekara: wa ake fara gaisarwa, ƙarfe nawa ake haɗuwa cin abinci, wane wuri ne ba a zama. Shi a ciki ya tashi, bai ma ɗauke su doka ba, sai kin tambaya zai tuna. Zuwana na farko na yi zamana daram a kujerar kakansu marigayi. Falo ya yi tsit, sai ƙanwarsa ta matso ta raɗa min a kunne. Har yau ana tsokanata.

Mu 17 ne, banɗaki 2, dole na koyi riga kowa tashi. Ki tafi da cajarki da tawul ɗinki.

A kicin kuwa, kada ki shiga da gyara ko da kin san hanya mafi sauri. Ki ce, "Mama, me zan kama miki?" In baffansu ya ɗauko labarin da kowa ya haddace, ki ba shi kunne, ya daɗe bai samu wanda bai taɓa ji ba.

Idan hayaniya ta ishe ki, ki ja yara ku ɗan taka waje. Babu mai cewa guje musu kika yi.